Ƴan Maradi mazauna waje, ina kuke samun hatsi da daddawar batso?

Maman_Hanifa:

Assalamu alaikum ƴan uwa na gida da na waje, ina gaida kowa da kowa. Ni ɗiyar Mokoyo ce aure ya kawo ni Faransa, wani gari ne ana ce mai Ren can yamma, kuma in banda maigidana ban san ɗan Nijar ko ɗaya ba a garin. Abin da ya sa na rubuto, kayan miyan da Inna ta ɗaure mani lokacin tahowa duk sun ƙare, kuka saura ɗan ƙasan gwangwani, daddawar batso kam an daɗe da mantawa da ita, ga azumi na ta matsowa ni kuwa in ban sha hura ko kunu da buɗa baki ba wallahi ji nake kamar ban sha ruwa ba.

Na shiga babban kanti na ga wani abu an rubuta millet a jiki na ɗauko da murna, ƙwayar ƙanana ce rawaya mai sheƙi, na jiƙa na niƙa a Moulinex amma abin da ya hito ba hura ba kuma ba kunu ba, ba ƙamshin hatsi ko kaɗan kuma ya ƙi kama jikinshi. Maigida ya ce in haƙura da kuskus da makaroni tunda shi ya saba, to ni ban saba ba.

Don Allah waɗanda sunka daɗe a Turai ina ake samun hatsi na gaskiya? Da wane nono kuke damu? Sannan akwai wani abokin maigida da zai taso daga Yamai wata mai kamawa ya ce zai ba mu wuri a balis ɗinshi, ina so in ce a aiko mani kilishi da cukun Dakoro amma wasu sun ce duwan na ƙwacewa wasu sun ce ƙarya ne ba mai dubawa. Wanda ya sani ya taimaka mani, Allah ya saka da alheri.

Tonton_Sani_93:

Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu da baƙunta, Allah shi bada zaman lahiya. Abin da kinka saye ba hatsinmu ba ne, wani iri ne daban da ake nomawa Rasha da Yukren da wajajen nan, da yawanshi ma tsuntsaye ake ba, ko kwana za ki yi kina kirɓa ba ya zama hura. Hatsinmu yana nan Faransa jibge amma ba wurin Bature za ki neme shi ba, wurin Indiyawa ne da ƴan Senigal da ƴan Mali. Mutane ba su sani ba Indiya ta hi kowace ƙasa noman gero a duniya, mu Nijar muna cikin waɗanda ke biye mata, kuma iri guda ne da namu, mutanen Rajastan da shi suke gurasarsu ta kullum. In kin shiga kantin Ba'indiye ki ce mai bajra ko bajri, zai nuna maki tsaba zai nuna maki gari. Dawa kuma jowar suke ce mata. Tsamiya suna da ita curi-curi cikin sashe, citta da kanumfari da masoro kuwa sun hi mu ma, kuma wasu lokuta har ɗanyen zogale da ganyen sure ake kawowa, su ma suna ci, suren gongura suke kiranshi.

Ki hwara dubawa nan Ren ɗin, garin ƴan makaranta ne ba za a rasa kantin ƴan Afirka ko na Indiyawa ba, ki tambayi matan Gine ko na Mali a masallaci ranar Juma'a su ne sunka san lungu. In ba ki samu ba ki ce ma maigida ya kawo ki Pari, jirgin ƙasa mai gudu TGV awa ɗaya da rabi kuna tashar Mamparnas, ku sauka ƙasa ku kama metro layi na 4 ba wani canji, ku hito Gare du Nord nan kantunan Indiyawa da ƴan Siri Lanka suke jere kan titin Faubourg Saint-Denis har La Chapelle, in kun gama ku koma layin dai tasha biyu gaba sai Château Rouge, kuna hitowa ga kasuwar Dejean nan. Ku taho da jaka mai taya don hannu ba ya ɗauka. Kar ku zo Litinin da yawa ba su buɗewa, Asabar kuma cunkoso sai ka riƙe aljihunka.

A Shato Ruj ɗin akwai kuka amma ki kiyaye abu guda, ƴan Senigal garin kuka shi suke ce ma lalo, to in kin ga sashe an rubuta lalo kar ki wuce kina zaton lalonmu ne, kuka ce, ki duba launin ki ɗauka. Lalonmu na miya kuma wurin Larabawa yake cikin firigo da sunan mulukiya. Daddawar kalwa tana nan, Basenigale ya ce netetu ɗan Mali ya ce sumbala duk ita ce. Busasshen guro akwai, soɓorodo akwai kamar banza, kanwa akwai wurin ƴan Najeriya da ƴan Kamaru, goro ma akwai. Abin da ban taɓa gani a kanti ba duk zamana a nan shi ne daddawar batso, wannan tamu ce mu da ƴan Burkina da wasu ƴan Mali, sai dai daga gida.

Shawarata ki sayi tsaba ki bar gari. Garin hatsi yana da mai a cikinshi, in ya kwana biyu cikin sashe sai ya yi ɗaci da wani wari-wari, kuma wanda ke kanti Allah kaɗai ya san yaushe anka niƙa shi. In dole sai garin ki duba kwanan watan kuma kina zuwa gida ki jefa shi kwanjilato.

Zancen nono kuwa ke Allah ya kashe ya ba ki don kina garin masu shi. Mutanen Biretanyi, wato yankin Faransa da Ren ke ciki, suna da nasu tsalan tun kaka da kakanni suna ce mai lait ribot, kowane kanti na Ren akwai shi, tsaminshi ya yi kusa da namu ƙwarai. Mu nan Pari laban na Larabawa muke saye wurin mahautan halal. In kina son kauri irin kindirmo ki haɗa da yawur wanda ba sukari. Ayran na Turkawa kar ki kusance shi da hura, gishiri gare shi. Man shanu soyayye kuma Indiyawa sun cika gwangwanaye da shi, ghee aka rubuta.

To sai maganar kilishi da cuku, nan ne za ki ji haushina. Doka ta hana shigo da nama da duk abin da anka yi da madara cikin ƙasashen Tarayyar Turai daga waje, ko busasshe ne ko dafaffe ko ɗan yanki guda ne, ko cikin balis ko ta gidan waya duk ɗaya, saboda cututtukan dabbobi irin ciwon baki da kofato. Kilishi da cuku da man shanu da dambun nama duk sun shiga ciki. In sun gani ƙwacewa suke su ƙone kuma suna iya cin mutum tara. Amma dokar nan ta bar busasshen kihi ko banda har kilo 20, zuma har kilo 2. Ɗanyen ganye da ɗiyan itace ɗanyu su ma tun Disamban 2019 sai da takardar malaman gona, in banda dabino da ayaba da kwakwa da abarba. Kin ga ke nan kihin Madarunfa in an busar da shi da kyau hanyarshi a buɗe take.

Hajiya_AliDanSofo:

Salamu alaikum. Autata ce ke rubuta mani ni ina hwaɗa, in kun ga kuskure nata ne. Ɗiyata Maman Hanifa ina maigidan ina Hanifa, ina baƙon wuri. Ni ina nan Maradi ban taɓa taka Turai ba amma ɗana na Beljik da iyalinshi kuma ni ke haɗa masu kaya duk sanda anka samu mai tahiya, don haka bari in gaya maki abin da za ki ce ma Innarki.

Kar ki yarda a cika ma mutum balis da hatsi. Balis kilo 23 ce, tiya guda ta hatsi ta kusa kilo biyu da rabi, tiya huɗu kin cinye kusan rabin wurin mutum kan abin da Alhaji Sani ya ce akwai shi can. A aiko maki abin da ba ya da nauyi kuma yake daɗewa, wanda cokali guda ke gyara tukunya. Daddawar batso ita ce ta hwarko. Kuma ba kowace ba, a samu ta matan ƙauye wadda anka yi da gurguzu tsantsa, don aikin ba na gaggawa ba ne, wuni ake ana dahuwar ɗiyan suren da ruwan toka ko kanwa sannan a ruhe su kwana biyu uku su ruɓa a daka a sake ruhewa kahin a shanya, masu sauri su ne ke kawo wadda ke da ɗanyen wari. In an sawo kar a ɗaure ta yadda take, a ɓarɓashe ta a sake shanyawa kan tire har sai ta bushe ƙarau sannan a daka ta zama gari a ɗura cikin roba mai marhi a naɗe bakin da sikoc a sa cikin sashe biyu. In ba haka ba daga nan zuwa Yamai kilomita ɗari shida da wani abu ne cikin zahin bis, kahin a kai jirgi tuhwahin bawan Allah duk sun zama na miya.

Sai zogale. Mu dai Allah ya ba mu shi nan garakan gulbi da Jiratawa, rani da damina ba ya yankewa. A saye ɗanye a zage a wanke, in na kwaɗo ne a ɗan tafasa shi a matse sannan a shanya, in na dambu ne haka nan ɗanye, amma duk a inuwa cikin ɗaki ko zaure inda iska ke shiga, rana na ƙone shi ya koma ja-ja ba daɗi. Buhu guda na ɗanye in ya bushe ɗan ƙulli ne, ki jiƙa da ruwan zahi ya tashi. Haka tafasa haka yaɗiya haka rama. Kuka kuma a duba koriya shar, wadda ta yi hwari-hwari tsohuwa ce ko an haɗa ta da itace, kuma a sake tankaɗewa da rariya mai laushi don ƙasa. Garin tattasan Difa, gabu na albasa, yajin hura a haɗa shi daban yajin ƙuli daban. Kanwa ungurnu ɗan dunƙule guda ya ishe ki shekara.

Akwai kuma hura busassa, yanzu mata da yawa na yi nan garin. Ana dahwa ta a kirɓa kamar kullum sai a marmashe a shanya a niƙa, ke can ki zuba ruwan ɗumi ki bari ta jiƙa ki dama da nononki. Ba ta kai sabuwa ba kar in yi maki ƙarya amma ranar da kinka gaji da azumi za ki sa mani albarka. Yanzu ne ma lokacin yi tunda iskar hunturu na nan, da damina komi kika shanya hunhuna yake.

Abu na ƙarshe kuma don mutunci. Kar Innarki ta kai ma mai tahiya kaya a ɗinke ko a liƙe, a kai a buɗe ya ga komi da idonshi sannan a ɗaure gabanshi, kowace roba a rubuta sunan abin da ke ciki da Faransanci. Zamani ya lalace mutane na tsoron ɗaukar saƙo kuma suna da gaskiya, garin kuka da garin daddawa in ba a rubuta ba Bature bai san mi ne ne ba sai ya tsaida mutum. Kuma a ba shi nashi ƙullin na goro.

Dan_Tibiri:

Hhhh Tonton kai dai ka cika tsoro wallahi. Ni mutane nawa na sani da ke wucewa da kilishi cikin takardar siminti a naɗe cikin shadda ba wanda ya ce masu kanzil, ai ba kowa ake buɗewa ba. Anti ki ce a aiko abinki kawai in an ƙwace an ƙwace in ya wuce kin ci riba. Kuma don Allah kar wanda ya zo ya ce mana a yi kilishi a hur, wato murhun gashi na Bature, wannan ba kilishi ba ne soyayyen takalmi ne. Kilishi sai ranar Nijar da naman sanunmu da hannun mahauci ɗan gado, shi ya sa ma OAPI, hukumar Afirka mai kare haƙƙin mallakar fasaha, ta yi mai rajista da sunan Nijar shi da albasar Galmi, kilishi ja da hwari da rumuzu kowane da nashi daɗin. Mu nan Tibiri in kuna so ku dawo gida ku ci.

Abu_Girinsboro:

Dan Tibiri kai kana zaune gindin bedi kana ba mutane shawarar abin da ba kai za ka biya ba. Ka lura balis ɗin ba ta Maman Hanifa ba ce, ta abokin mijinta ce, sunanshi ne kan tikiti, in an tsaida shi shi za a rubuta, wataƙila ma mutum ne mai jiran sabunta takardun zama. Ka ɗora ma mai taimakonka wannan don kwaɗayin nama? Mu nan Amurka abin ya hi haka, suna da ƴan karnuka masu dogon kunne da ke zagaya wurin ɗaukar kaya ba abin da suke nema sai abinci, kuma ana tambayarka kana ɗauke da abinci ko a'a. In ka ce eh sunka duba sunka ga nama za su karɓe su bar ka ka tahi ba tara, in ka ce a'a sunka gani tarar hwarko dala 300 ce. Ni dai kullum cewa nake eh in buɗe masu kukata da daddawata da yajina su shinshina su maida mani.

Ƙanwata Maman Hanifa, gaskiyar Dan Tibiri guda ce, na hur bai kai na gida ba, amma ya hi babu nesa ba kusa ba kuma mu nan Girinsboro da muke da yawa ƴan Nijar da shi muke sallah. Ga yadda matata ke yi. Ki je wurin mahaucin halal ki ce naman cinya marar kitse, ki roƙe shi ya yanka maki da injin shi hwalle-hwalle iya sirantar da zai iya, in ya ƙi ki sa naman kwanjilato ya ɗan daskare sai ki yanka da wuƙa mai kaihi ya hi sauƙi. Ki jera kan ragar hur ki sa wuta can ƙasa wajen digiri 60 zuwa 70 na selsiyus, ki bar ƙohwar a ɗan buɗe da muciya don tururi ya hita, sai ya bushe ya yi awowi kar ki yi gaggawa. Sannan ki tsoma cikin labu ki maida ya sake bushewa, daga ƙarshe ki ƙara wuta na ɗan lokaci kaɗan kina tsaye kanshi don labu na saurin ƙonewa.

Labun ne aikin, kuma nan za ki jehi tsuntsu biyu da dutse ɗaya don daga nan ƙuli-ƙuli ke hitowa. Ki sayi markaɗaɗɗar gujiya wadda ba sukari ba komi, ku can Faransa akwai ta a kantuna, ki juye a kwano ki riƙa zuba ruwan zahi kaɗan kaɗan kina juyawa da muciya, za ki ga ta ɗaure ta dunƙule mai ya hwara tasowa, ki ci gaba da matsa kina tsiyaye man cikin kwalba, abin da ya rage shi ne tunkuza. Rabi ki dama da ruwa da albasa da citta da tonka da kanumfari da masoro da magi da gishiri shi ne labu, rabi ki mulmula siriri ki soya cikin man da kinka tatsa ya zama ƙuli, ki daka ki yi kwaɗon zogalen da Hajiya ta ce. Ɗiyar Maradi garin gujiya ai ba a koya mata tatsar mai, hannun zai tuna.

Cuku kam ki haƙura sai kin je gida. Na gwada cukun Turawa iri-iri ba wanda ya yi kama da shi.

Dan_Tibiri:

To Yaya Abu na ji, ban yi tunanin mai balis ɗin ba. Amma maganar hur ina nan kan bakana.

Rabi_Agye:

Salam, ni karatu nake a Balansiya ƙasar Sipaniya, bari in sa baki kan aya tunda ba wanda ya ambace ta kuma azumi ba kunun aya ai da saura. Ranar da na ga mutanen garin nan sun yi layi suna sayen wani hwarin abu mai sanyi na ɗanɗana sai na ji kunun aya ne sak, horchata suke ce mai ita kuma ayar chufa, suna nomanta a wani gari Alboraya nan bakin birnin kuma suna ji da ita sosai har da tambarin hukuma. Amma tasu ba ta isarsu, da yawan wadda suke sarrafawa daga Nijar da Burkina da Mali ake lodo ta, wato ayar Agye da Cadawa da Gazawa da iyayenmu ke haƙa suna rairaya cikin ƙura ita ce ake sayar muna nan cikin ɗan sashe da kuɗin da in ka juya shi sefa, ero guda 656, sai ranka ya ɓaci ka tuna nawa ake ba baba kuɗin tiya a kasuwar Cadawa.

Anti a Faransa ki nemi souchet a kantunan kayan bio ko ki yi komand ta intanet daga Sipaniya ya hi araha in kilo za ki saye. Wata ƙawata ta ce ta ganta a shagon masu kamun kihi buhu-buhu da arha suna tarkon kihi da ita, kar ki sayi wannan ba don cin mutum anka tanade ta ba. Ki jiƙa ta kwana guda cikin firigo kina canza ruwa, ki niƙa da dabino da ɗan kwakwa da citta ki tace da ƙyalle mai tsabta, kuma ki shanye cikin kwana ɗaya zuwa biyu don saurin lalacewa gare shi ko a firigon. Dakuwa ma tana yiwuwa, ki soya ayar sama-sama ki niƙa da soyayyar gujiya da sukari da ɗan tonka, sai dai ki yi a hankali ayar busassa na kashe injin in ƙarami ne.

Ni abin da ke damuna hwara ce. Tun 2021 Turai ta yarda a sayar da hwara a matsayin abinci, na gani a intanet cikin ɗan kwali ƴan ƙwaya kaɗan ba yaji ba mai ba komi, ga tsada. Duk sanda na tuna tiren hwara da yamma a Maradi sai in kashe wayar in kwanta.

Maman_Hanifa:

Kai jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Tonton na bi maganarka na tambayi wata ƴar Gine a masallaci ta kai ni wani ɗan kanti, na samu bajra tsaba da tsamiya da kuka, ina buɗe sashen na ji ƙamshin rumbu sai da na yi ƙwalla. Lait ribot ɗin ma ashe kullum ina wuce shi a kanti. Hajiya na karanta ma Inna saƙonki ta WhatsApp ta ce a gaishe ki da kyau, ta ce daddawar akwai wata tsohuwa mai kawowa daga wajen Gidan Runji ita za ta sa. Kilishi da cuku mun cire, an sa kihi madadinsu. Dan Tibiri kai kuma Allah ya shirye ka.

Sai dai wata matsalar, hatsin da dusarshi yake ba a surhe ba, ni kuwa ba turmi kuma ko da akwai a hawa na uku muke maƙwabcin ƙasa tsoho ne ko kujera anka ja sai ya bugo silin. Yaya zan yi da surhe da kirɓi?

Hajiya_AliDanSofo:

Ɗiyata ki yayyahwa ma hatsin ruwa kaɗan ya yi laushi kamar za ki surhe a turmi, ki zuba kaɗan kaɗan cikin injin naki ki riƙa kunnawa kina kashewa nan take kar ki bari ya niƙe, so kike ya goge bayan kawai. Ki juye kan tire ki bari ya sha iska ki bushe dusar ta taga ko ki wanke ta taso sama ki tsiyaye, ki rege don tsakuwa, ki baza kan ƙyalle ya tsane sannan ki niƙa da yajinki ki tankaɗe. Surukata haka take yi a Beljik. Kirɓi kuma tana cire curin daga tukunya da zahinshi ta sa a injin kwaɓa hulawa tana ɗiga ruwan dahuwar har ya yi danƙo, in ba ki da shi ki sa cikin roba mai kauri ki danna da muciya, sai dai da zahi-zahi in ya huce ba ya haɗuwa.

Tonton_Sani_93:

In surhen ya gagara ƴan Senigal na sayar da surhwaffe da ɓarzajje, ɓarzajjen sankal suke ce mai, ki tambayi ƴar Ginen nan ta san shi. Ki gaya ma maigida in kun shigo Pari ya neme ni ta inbos, tantinku na da turmi a ƙasan bene.